Tef ɗin samarin Ingila da Yaya Hamidu ya goge

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar yayana Hamidu, Allah Ya jiƙansa da rahama. Na lura masu rubutun tunawa da mamata a jarida sukan fara da masallacin da mamaci ya gina ko marayun da ya riƙe. Yayana bai gina masallaci ba. Maɗinkin hannu ne a Aboabo, cikin Kumasi, mai yi wa manyan riguna aiki a wuya da aljihu, kuma a ɗakin hayar da ya yi aure a ciki ya tsufa. Ni ƙanwarsa ce, autar ɗakinmu, yanzu kuma ni kaɗai na rage. Labarin da nake so in bayar na wani tef ne na kiɗan wasu samarin Ingila da har yau ba mu san sunansu ba, wanda yayana ya so kamar ransa, ya kuma goge shi da hannunsa.

Hamidu mutum ne mai tambayar tsiya. In ka ba shi riga ya gani, ba zai kalli gaban aikin ba, sai ya juya ta ciki ya duba inda maɗinki ya ƙulla zare da inda ya kuskure ya warware. In ya je cin abinci gidan mutane sai ya leƙa madafa ya ga me aka fara sakawa a tukunya, har matan gida su kore shi da ludayi. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma, takan ce tun yana goye yake juya kai ya ga abin da ke wucewa a baya. Babban yayanmu Garba, ɗan kasuwar goro, shi kam kallon mai ɓata lokaci yake yi masa, kuma ba ya ɓoyewa.

A farkon shekarar 1969 wani saurayin Bature da ke aiki a babban asibitin nan na wajen Bantama ya kawo wa Hamidu shadda ya yi masa aiki. Ya riƙa zuwa yana zama a benci yana kallon allura, su yi ta hira da guntun Turancin Hamidu da guntuwar Hausar Baturen. Da zai koma ƙasarsu ya bar masa rikodarsa, irin mai faifai biyu da ke juyawa a fili, siririn tef yana tashi daga wannan yana naɗewa a wancan, da ɗan makirfo mai igiya. Tef ɗaya tak ke tare da ita. Baturen ya ce ƙanensa ne ya aiko masa daga Ingila. Ƙanen da abokansa suka haɗa ƙungiyar kiɗa, wannan kuwa ba waƙoƙin da aka gama ba ne, gwaji ne da suka ɗauka a ɗaki don su kai wa kamfanin faifai ya ji ko zai karɓe su. Ya faɗi sunan ƙungiyar, amma sunan ya ƙi zama a bakin Hamidu, kafin wata ya zagayo ya ɓace masa.

Ni lokacin ban daɗe da aure ba, gidan mijina kuma ba nisa, don haka kusan kullum sai na biya rumfar ɗinkin in na taso daga kasuwa. Kunnenmu ya saba da kiɗan hailaif da ke tashi daga kowace rediyo a garin, da gangunan biki, da waƙoƙin Indiya na silima. Wannan kuwa na rasa inda zan ajiye shi. Jitar takan yi kuka kamar kyanwar da aka taka wa wutsiya, sai kuma ta yi laushi. Muryar mawaƙin wani lokaci tana dab da kunnenka, wani lokaci sai ka ce daga cikin rijiya yake. Kalmomin da Hamidu ya tsinto mana ma ba kai ba gindi. Wata waƙar wai wani mutum ne ke shuka agogo a lambu yana jiran ya tsiro, wata kuma ruwan sama ne ke zuba mai launin lemo. Na ce masa yaran nan dai a bincika abin da suke sha. Ya yi dariya ya ce shi ma tunanin ya zo masa.

Amma abin da ke tsakanin kiɗan ya fi kiɗan kama shi. A tef ɗin ana jin komai. Wani ya ja kujera, wani ya yi tari. Mai ganga ya shigo kafin lokacinsa, sauran su tsaya, a yi 'yar gardama, a sake. Akwai inda kofi ya faɗi ya fashe, wata babbar mace ta yi faɗa daga nesa, duk suka yi tsit. Akwai kuma waƙa ɗaya, wadda ta fi sauran daɗi, da mawaƙin ke ɗaga murya, in ya kai wani wuri sai ta karye masa, ya fashe da dariya, ya koma farko. Ya gwada ya sake gwadawa bai haye ba, tef ɗin ya ƙare a haka. Hamidu ya ce duk faifan da ake sayarwa a garin nan gaban riga ne, sai yau ya samu wanda aka miƙo masa ta ciki.

Wani sauti a ciki ya hana shi sakat, kamar ana zuƙe kiɗan ana mayar da shi cikin jitar. Ya tambayi makaɗan hailaif da yake yi wa ɗinki, suka ce ba su san kayan kiɗan da ke yin haka ba. Wata rana da hantsi ya tsayar da faifan, ya sa yatsa yana juya shi baya a hankali, sai ga jita sak, irin wadda kowa ya sani. Ashe yaran ɗauka suka yi, suka juya tef ɗin, suka ɗora a kan waƙar. Ranar Hamidu bai taɓa allura ba. Duk wanda ya gifta sai ya kira shi ya nuna masa, har da mai koko, wadda ta ce masa "yoo" irin ta mutanen Asante ta wuce da tukunyarta. Garba ya tsaya ya ji, ya tambaye shi, yanzu da ya gano, rigar mutane ta ɗinku ke nan?

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga zamanin nan. Jikata Nafisa, wadda ke karatu a jami'a, ta gaya mini wai yanzu a Turai irin waɗannan tef na gwaji ake tonowa daga ɗakunan ajiya a fitar, mutane su yi ta rububi, wai sun fi son su ji mawaƙi tun bai zama kowa ba. Na ce ashe yayana ya riga su. Amma ita wannan Nafisa ɗin, in za ta aika saƙon murya a waya, sai ta ɗauka ta goge, ta ɗauka ta goge, har sai ya fita sumul ba ko tari. Hoto ma sai an shafe masa kowane ƙurji. Da Hamidu yana nan na san ba wa'azi zai yi mata ba, bai iya ba. Kujera zai matso da ita ya ce ta nuna masa inda waɗanda ta goge suke tafiya.

A ƙarshen wannan shekarar gwamnati ta fitar da dokar nan da duk ɗan Zongo mai shekaruna ba ya mantawa, cewa baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar, wa'adin kuma gajere. Mu asalinmu Nijar ne. A wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi aka haifi Mma, a can ta haifi Garba, sannan ta biyo mahaifinmu Kumasi, inda aka haifi Hamidu da ni, inda kuma aka binne mahaifin namu. Ni mijina ɗan Tamale ne, ɗan ƙasa, ba wanda ya taɓa ni. Hamidu wani babban mutum da yake yi wa ɗinki ya tsaya masa. Garba bai samu ba. Mma kuwa ta ce ba za ta bi layi tana roƙon a bar ta a garin da ta binne miji ba, ɗanta Garba za ta bi ta mutu inda aka yanke mata cibiya. Unguwa ta hargitse. Ana sayar da gadaje da tukwane a bakin hanya, manyan motoci suna cika a tasha, mata suna bi gida-gida neman gafara.

Ina da cikin fari a lokacin, kuma na san sarai Mma ba za ta ga abin da zan haifa ba. Ita ma ta sani. Ni na kawo shawarar a ɗauki muryarta, ta sa wa jikokinta albarka, waɗanda aka haifa da waɗanda ke tafe. Hamidu ya ce madalla, ya tafi kantunan Adum neman sabon tef. Ya zaga bai samu daidai da injinsa ba. Wanda ya yi masa alkawari ya ce sai an kawo daga Akra, kuma ba zai iso ba sai bayan wa'adi. Rikoda ta biyu da za a kwafe waƙoƙin ma ba mu san mai ita ba. Ya dawo ya ce ba komai, tef gefe biyu gare shi, zai ba da ɗaya, ya bar wanda waƙar nan mai karyewa take kai.

Nan Mma ta kafe. Ita 'yar gidan malamai ce, duk tsawon watannin nan in an kunna tef ɗin a kusa da ita sai ta ja mayafi ta bar wurin. Ta ce ba za ta ambaci sunan Allah a bayan kiɗan da ba ta san abin da ake faɗa a cikinsa ba. Hamidu ya yi mata bayani cewa gefen nan daban, wancan daban, ba sa haɗuwa. Ta ce ita in najasa ta taɓa mata tabarma, ba ta juya ta ta yi salla a ɗaya gefen. Ko a wanke shi duka, ko ta tafi da bakinta.

Na ji haushinta ƙwarai, shi kuma ya ba ni tausayi. Garba ya ce bai ga abin tsayawa tunani ba, ga uwa a nan, ga ihun yaran da ba su san da zamanka a duniya ba a can. Gaskiya ya faɗa, amma Garba ko gaskiya zai faɗa sai ya sa mata ƙaya. Abin da bai gane ba shi ne Hamidu ba auna Mma yake yi da kiɗa ba. Ya gaya mini a hanya, yana raka ni gida, cewa abin da ke damunsa shi ne wataƙila wannan tef ɗin kaɗai ya rage. In kamfanin bai karɓi yaran ba, in sun watse kowa ya kama aikin ofis, to shi maɗinkin Aboabo shi ke riƙe da shaidar cewa sun taɓa zama a ɗaki ɗaya sun yi ƙoƙari. Ya ce amana ce da ba wanda ya ba shi, amma ga ta a hannunsa.

Sai ya yi abin da wanda ya tashi a makarantar allo ya iya. Ya ɗauki 'yan kwanakin da suka rage ya haddace tef ɗin. Ya kunna gaɓa ɗaya, ya tsayar, ya maimaita da baki, ya koma. Ba muryar kaɗai ba, har bugun ganga da kukan jita, da tarin, da jan kujerar, kowanne a gurbinsa. Ya ba ni amshin waƙa biyu in riƙe masa. Har yau suna kaina, kalmomin da ban san ma'anarsu ba, wataƙila ma sun daina zama kalmomi saboda yadda muka murɗe su. Nafisa ta taɓa sa ni na rera wa wayarta, wai akwai abin da ke gano waƙa daga rerawa. Wayar ta yi ta juyi, can ta kawo mana wata waƙar coci. Muka yi dariya muka bari. Ko yaran sun yi suna, ko suna da rai, ko akwai wani tsoho zaune yanzu a Ingila yana tunanin ina tef ɗin da ya aika wa wansa Afirka ya shiga, Allah kaɗai Ya sani. Ni kam ina son in sani.

Ranar jajibirin tafiya, bayan la'asar, ya kawo rikodar tsakar gida, ya ce zai yi jin ƙarshe. Mun zaci Mma za ta tashi, sai ta zauna tana ɗaure kayanta a zane, ta ba mu baya. Da aka zo inda muryar yaron ke karyewa yana dariya, ta tambaya, ko juyowa ba ta yi ba, me ya same shi. Hamidu ya ce kuskure ya yi. Ta ce to ya sake mana. Ya ce ya sake, bai iya ba. Ta ce Allah Ya shirya wa uwarsa shi.

Daga nan ya zare igiyar makirfo, ya danna maɓallin ɗauka don ya goge abin da ke kai, ya bar tef ɗin ya zagaya har ƙarshe, ya juya ya yi wa ɗaya gefen haka. Idonsa na kan faifan da ke juyawa. Mma ba ta yarda da ji a baki ba, sai da aka kunna mata ta tabbatar da kunnenta. Muka zauna jugum muna sauraron tef ba komai a ciki. Ta ce wannan shuu ɗin da take ji fa? Ya ce numfashin inji ne, ba Turanci ba ne. Ta ce to.

Ta yi alwala, ta sake mayafi, ta zauna a kan buzun mahaifinmu. Mma mace ce da in ta buɗe baki a gidan suna ko na rasuwa kowa ke yin shiru. Amma da Hamidu ya mayar da igiyar makirfo ya kara mata ɗan ƙarfen nan a baki sai ta rikice. Ta yi bisimilla ta tsaya. Ta sake, tana kiran sunayen jikokinta ta tsallake ɗaya, matar Garba ta tuna mata daga madafa, Mma ta ce wa ya tambaye ta. Ta yi tari. Ta fara yi wa abin da ke cikina addu'a, murya ta karye mata, sai kuma ta yi dariya, irin wadda take yi in kuka ya zo mata a gaban yara. Akuya ta shigo ta nufi buhun gari, ta katse addu'a ta kore ta da zagi. Sai daga ƙarshe ta nutsu, ta jero ta tiryan-tiryan daga farko har fatiha, muka shafa.

Da aka mayar aka kunna mata, ta rufe fuska da mayafi don kunya. Ta ce maza a goge duk wannan shirmen na farko, a bar mai kyau ɗin kaɗai, kada jikoki su ce kakarsu ba ta iya magana ba. Ban taɓa jin Hamidu ya yi wa Mma musu ba sai ranar. Ya durƙusa a gabanta, hannunsa a kan injin.

"Mma, kin ce in wanke duka, na wanke. Wannan kam ki bar mini shi yadda yake."

Ta dube shi ta ce da Hausarta ta can gida, "Kai dai tun kana yaro ɗanyen abu kaka so. Riƙe abinka."

Washegari suka hau mota. Ba mu sake ganinta ba. Ta rasu a ƙauyensu ɗana na fari yana koyon tafiya, labarin ma sai da ya daɗe a hanya kafin ya iso mu. Hamidu ya ci gaba da ɗinkinsa. Har ya tsufa, in aiki ya yi masa daɗi, za ka ji yana rera waƙar nan ƙasa-ƙasa, in ya kai inda take karyewa sai ya tsaya ya koma farko. Yaran unguwa sun ɗauka mantuwar tsufa ce. Na taɓa ce masa ya ƙarasa ta da kansa mana, tunda mai ita ya kasa. Ya ce ba tasa ba ce.

Tef ɗin Mma kuwa an mayar da shi kaset, daga baya aka sa a waya, yanzu yana hannun jikoki da tattaɓa-kunne daga Kumasi har Yamai. Na sha zama da su ana kunnawa, kuma na lura da abu guda. Addu'ar ƙarshe, mai kyau ɗin, da ladabi suke sauraronta su shafa, amma irinta kowace tsohuwa ke yi, da za a ce ta wata ce ba mai musu. Inda suke cewa a mayar shi ne wajen akuya, da inda ta manta sunan jika, da dariyar. A nan ne waɗanda ba su taɓa ganinta ba suke cewa ashe haka take, ashe wance dariyarta ta ɗauko. Da an bi umarninta, da addu'ar muka gada, ita kuwa da mun rasa ta.

To shi Hamidu fa, me ya bari? Rigunan da ya yi wa aiki sun tsufa, wasu an yi tsumma da su. Bai bar gida ba, bai bar fili ba. Hotonsa ɗaya ne, na katin zaɓe, shi ma ya ɗaure fuska kamar an tilasta shi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sauraron muryoyin wasu bai taɓa yarda a ɗauki tasa ba, in an miƙo masa makirfo a biki sai ya kauce ya ce shi me zai faɗa. Sai ranar addu'ar arba'in ɗinsa, da dangi suka taru aka kunna muryar Mma, na ji abin da na yi shekara da shekaru ina ji ban lura ba. Can farko-farko, bayan bisimillar da ta tsaya, ana jin ta tana tambaya ƙasa-ƙasa:

"Hamidu, wanga abu shina ji na kuwa?"

Sai muryar wani saurayi, dab da makirfo, yana danne dariya:

"Yana jin ki, Mma. Kada ki damu, in kin ɓata sai ki sake."

Iyakar muryar yayana da ta rage a duniya ke nan, kuma tana cikin abin da aka ce ya goge. Allah Ya jiƙansu su biyun, Ya sa sun huta.